Kejin da Orval Ya Kai Juji

Ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Ginette a ɗakin girkinta, ƙaninta Orval Bessette ne ya fara isa asibiti, shi kuma likita ya ja gefe ya gaya wa gaskiya. Za ta rayu, amma hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi, sai 'yan kalmomi da ke fitowa a karkace. Komawa gidanta na hawa na uku kuwa, babu wannan zance. Bayan mako biyu aka mayar da ita wani gidan jinya a arewacin birnin Spokane, aka bar wa Orval makulli da duk abin da ke bayan ƙofa.

Cikin abin da ke bayan ƙofar har da cincila biyu, Gaston da Fifi. Ginette ba ta taɓa aure ba, ba ta haihu ba, waɗannan 'yan dabbobi masu kunnen zomo da jelar kurege su ne iyalinta. Gaston shekararsa goma sha takwas, Fifi sha bakwai, wato a irinsu sun tsufa tukuf. Kullum da yamma Orval yakan hau benen ya zuba musu busasshiyar ciyawa da ƙwayoyin abincinsu, ya sake ruwa, ya tsaya yana kallon Fifi tana tsalle daga katako zuwa katako kamar ba tsohuwa ba. Su kam ba su dame shi ba. Kejinsu ne ke ci masa rai.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin kafinta kafin ya ajiye, kuma wannan keji abin kunya ne a idonsa. Wayar ta yi tsatsa, katakan duk an gaigaye su, fitsari ya rine su, ɗaya ma da wayar rataye riga aka ɗaure shi. Sau nawa ya ce wa yayarsa ta bari ya yi mata sabo, tana cewa ya fita harkarta. Yanzu da za a dawo da dabbobin gidansa, sai ya ga dama ta samu. Ya shige gareji ya yi kwana tara yana yanka, yana goga.

Lurleen, matarsa, ta leƙo da kofin kofi a hannu, ta dubi abin da ya kusa taɓo rufi.

"Ikon Allah. Ɓeraye biyu ka gina wa bene mai hawa huɗu? Ni shekara nawa ina roƙon 'yar kanta a ɗakin wanki?"

"Ba ɓeraye ba ne."

"To mene ne? Ɓeraye ne da suka samu rigar sanyi mai tsada. Ka dai tambayi Ginette kafin ka taɓa mata kaya, ka san halin yayarka."

"Da wane bakin za ta amsa? In ta ji sauƙi ta ga wannan, ita da kanta za ta gode min."

Ranar Asabar ya kwaso su a kwali, ya zuba su a sabon gida, a ɗakin da 'yarsu ta bari tun da ta yi aure. Tsohon kejin kuwa ya jefa shi bayan a-kori-kura tare da tsohuwar katifa da karyayyun kujerun Ginette, ya kai juji, ya karkaɗe hannu.

Da magariba, lokacin da irin waɗannan dabbobi ke farkawa, shi da Lurleen suka jawo kujeru don su sha kallo. Gaston ya fito yana shinshine-shinshine, ya hau nan ya sauka can, a hankali, irin na dattijo. Fifi ta daɗe a kan katakon da Orval ya ɗora ta. Can ta miƙe, ta juya hagu, ta daka tsalle da ƙarfinta zuwa inda babu komai. Ta faɗo tim. Ta tashi ta rarrafa, ta samu wani katako ta hau, ta sake yin tsalle cikin iska. A karo na uku fuskarta ta bugi waya, ta yi wani ɗan kuka mai kaifi wanda Orval bai taɓa ji ba, ta ja jiki zuwa kusurwa ta dunƙule.

"Baƙunta ce," in ji shi. "Gobe za ta saba."



Gobe ta zo ba ta saba ba. Ba ta taɓa ciyawa ba, ba ta je wajen ruwa ba. Ya ajiye mata kwanon turɓayar da suke birgima a ciki a madadin wanka, Gaston ya faɗa ya tayar da ƙura, ita ko kunne ba ta motsa ba. Ranar Litinin da safe Lurleen ta durƙusa gaban kejin da tsintsiya, ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Orv, zo ka gani. Gefen namijin duk kashi ne kamar an watsa baƙar shinkafa. Nan inda take ko ƙwara ɗaya babu. Ni ban san kan ɓera ba, amma abin da ba ya ci ba ya fitarwa, ai ka san inda ya dosa."

A jikin firijin Ginette ya taɓa ganin katin likitar dabbobi, Dakta Haverkamp. Ya nemo lambar ya kira, aka ce ya kawo Fifi yanzu. Likitar doguwar mace ce mai furfura, kuma tana buɗe kwalin ta ce, "A'a, Fifi ce? Ina Ginette?" Ya ba ta labari a taƙaice. Ta lallatsa cikin dabbar, ta duba haƙora, ta ɗora ta a sikeli, sannan ta haska mata 'yar fitila a ido ta ce ya matso. Can cikin baƙin idon ya hango wani fari-fari kamar an ɗiga madara.

"Yanar ido ce. Shekara uku ke nan ba ta gani, ido biyun duka."

"Ba ta gani? Likita, da idona na ga tana tsalle kamar an harba ta."

"A kejinta ba. Shekara goma sha biyar tana ciki, ta haddace shi kamar yadda ka haddace hanyar banɗakinka. Shi ya sa na hana Ginette gusar da ko kwano. Ba wani abu, ku mayar da ita tsohon kejin yau ɗin nan, a jera komai yadda yake. Yana ina?"

Orval ya sunkuyar da kai. Likitar ta dube shi, ta gane, ta sauke fitilar a hankali.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ƙashi bai karye ba, amma tsoro da ciwo sun sa ta daina ci, kuma cikin cincila in ya tsaya, tayar da shi aiki ne, balle na tsohuwa. Ta haɗa shi da garin abinci da zai dama, da sirinji mara allura, da magani kala biyu. Duk bayan awa huɗu, dare da rana. A bara nauyinta giram ɗari shida da goma, yau ɗari biyar da ashirin.

"Ka riƙa auna ta kowace safiya. In ta sauko ɗari huɗu da hamsin, ka kira ni mu yi wata magana. Kuma an ce zafi na tafe a makon nan. Ka kula, gashin nan nasu ba ya barin zafi ya fita, zafin da kai za ka ce da daɗi su kashe su yake yi."

Ya sauke Fifi a gida, ko zama bai yi ba ya nufi juji. Mai gadin ƙofar, wani dattijo mai suna Dewey, ya saurare shi ta tagar ɗan ɗakinsa yana tauna cingam.

"Na ranar Asabar? Malam, tirela ta kwashe tun jiya. Katako da shara ba sa kwana biyu a nan."

"Ƙarfe fa? Keji ne na waya, ƙila an ware shi."

"In an ware yana cikin tulin can. Amma ba a hawa, doka ce."

"Don girman Allah. Minti goma."

Dewey ya dubi fuskarsa, ya dubi hanya, ya ce shi dai zai shiga ya ci abincinsa, kuma in yana cin abinci ba ya ganin komai.

Minti goma ya zama awa biyu. Orval, mai shekara sittin da bakwai da gwiwar da aka yi wa aiki, ya hau tulin ƙarafa cikin tsakar rana yana ɗaga tsofaffin kekuna da murhun gasa nama da gadajen ƙarfe. Ƙarfen ya yi zafi har yana ƙona tafi. Sau biyu ya hango waya zuciyarsa ta buga, na farko kejin tsuntsu ne, na biyu kwandon kanti. Wani kwano ya yanke shi a tsintsiyar hannu, ya ɗaure da hankici ya ci gaba. Sai da jiri ya fara ɗibarsa Dewey ya zo ya tsaya a ƙasa da gorar ruwa.

"Sauko haka nan, ɗan'uwa. In ka mutu a nan ni za a tambaya. Wai me ke cikin kejin nan, zinariya?"

Orval ya sauko ya zauna a ƙasa, ya sha ruwan.

Ciyarwar farko yaƙi ce. Ya naɗe Fifi a tawul, ya kai sirinji gefen bakinta, ta kau da kai, ta cije shi a yatsa, abincin ya zube mata a ƙirji. Ga shi ba a jiƙa musu gashi, sai ya bi da busasshen tsumma yana gogewa tana makyarkyata. Hannun da ya saba riƙe zarto ya yi mata girma, yana tsoron in ya matsa ya karya mata haƙarƙari, in ya sassauta ta zille. A minti arba'in abin da ya shiga cikinta bai kai rabin cokali ba.

Lurleen ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo har ta gaji.

"Miƙo ta nan. Kana riƙe ta kamar za ka buga mata ƙusa. Yara uku na ba magani a gidan nan, kana gareji."

Ta zauna ta kwantar da ita a ƙirjinta, tana yi mata 'yan surutai, tana ɗiga abincin kaɗan-kaɗan. Fifi ta haɗiye sau huɗu. Daga ranar suka raba aikin, ita ta riƙe, shi ya ɗura, agogo na kaɗa musu duk bayan awa huɗu.

Ranar Laraba zafin ya sauka. Na'urar sanyaya ɗaki ɗaya gare su, ta taga, kuma ta tsufa, tana ta gurnani ɗakin bai yi sanyi ba. Da azahar suka tarar da Gaston kwance a gefensa, kunnuwansa sun yi ja wur, yana numfashi sama-sama. Lurleen ta kwasa da gudu ta ciro farantan tangaran da ta sa a firiji, suka ɗora shi a kai. Orval ya kwance kejin nan mai hawa huɗu, ya sauke shi gunduwa-gunduwa zuwa ɗakin ƙasa inda siminti ke da sanyi, yana hawa yana sauka har gwiwar ta kumbura. Gaston ya farfaɗo da la'asar. Amma Fifi an sake canza mata wuri, sabon wari, sabuwar ƙara, sai ta ƙara shigewa kusurwa.

Sikelin girki ya zama abin da Orval ya fi tsoro a duniya. Ɗari biyar da biyar. Ɗari huɗu da casa'in. Ɗari huɗu da saba'in da takwas. Ya cire katakan sama don kada ta sake faɗowa, ya zauna da fensir zai zana tsohon kejin daga ka, sai ya tarar bai san shi ba. Shekara goma sha biyar yana ganinsa, tsatsar kawai ya gani da wayar rataye riga. Katakai nawa ne, biyar ko shida? Ɗan akwatin kwanansu hagu yake ko dama? Ya zazzage kwalayen hotunan Ginette a ƙasa, ɗaruruwa, duk fuskokin dabbobin ne kusa-kusa, ido da gashin baki, babu ko ɗaya da ya nuna kejin gaba ɗaya. Ya gwada jeri uku daban-daban. Kowanne Fifi ta taka taku biyu, hancinta ya bugi abin da ba ta zata ba, ta koma.

A cikin kwanakin nan sau biyu ya je wajen Ginette. Tana ganinsa takan kama hannun rigarsa da hagunta, bakinta ya yi ta kokawa har ya fitar da "Fi... Fi?" Shi kuma ya ce lafiya lau, suna ta ci suna ta wasa. Ta lumshe ido ta saki rigar. A mota yakan daɗe riƙe da sitiyari kafin ya iya tayarwa.

Ranar Lahadi sikeli ya nuna ɗari huɗu da sittin da biyu. Lurleen ta mayar da Fifi, ta wanke sirinji, ta juyo.

"Mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda kejin nan yake. Ka tashi ka je ka gaya mata."

"Kina hauka? Matar da ke kwance rabi a mace? In na gaya mata wani ciwon ya sake bugunta fa? Na kashe mata dabba, in kuma kashe ta?"

"Ba ciwonta kake tsoro ba, Orv, idonta kake tsoro. Tun kana ɗan shekara shida kake ɓoye mata abin da ka fasa."

"Ki bar ni in ji da abin da ke damuna."

"Ba zan bari ba. Garin gyaran gira ka tsone ido, to an yi an gama. Yanzu saura giram goma sha biyu. In ba za ka je ba, ba ni makullin mota."

Ya yi tsaye yana huci. Sannan ya ɗauki hularsa, da allon rubutu na aikinsa, da fensir mai kauri.

Ya samu Ginette a keken guragu kusa da taga, an ajiye mata shayi da ba ta sha ba. Bai zauna ba. Ya tsaya gabanta da hula a hannu ya faɗi komai, tun daga gareji har juji, har faɗuwa uku, har ƙaryar da ya yi mata sau biyu. Yana magana rabin fuskarta mai rai yana canzawa. Da ya kai ƙarshe ta miƙa hagunta ta ɗauki kofin ta wurga masa. Bai same shi ba, ya bugi bango, shayi ya wanke labule. Sai ga kalma ta fito daga bakinta tar, babu ko gargada, irin wadda ba ta samu ba tun ranar da ta faɗi.

"Jaki!"

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo a firgice. Orval ya ce mata babu komai, shi ya jawo. Ya durƙusa a kan gwiwar mai ciwo.

"Na ji, Yaya. Jaki ne ni. Ki zage ni har shekara, amma yanzu ki nuna min yadda yake. Ba ni da kowa sai ke."

Ta yi kuka mai yawa, irin wanda ba ya fita sosai. Da ta lafa ta fizge fensirin. Hagun ba ta saba ba, layin yana rawa yana fita daga takarda, ta yaga ta farko, ta yaga ta biyu. Lambobi sun ɓace mata tare da magana, don haka in ya tambayi tsayi sai ta nuna a jikinta: wannan katako daidai idon sawu, wannan tsakiyar ƙwauri, wannan gwiwa. Ya ciro ma'auninsa yana gwadawa a jikin ƙafarta yana rubutawa. In ya faɗi daidai ta buga hannun kujera sau ɗaya, in ya kuskure ta harare shi har sai ya gyara. Katakai biyar ne. Akwatin kwana a dama, can baya, ƙofarsa na kallon bango. Kwanon abinci a hagu ƙarƙashin katako na biyu. Gorar ruwa a gaba, ƙasa-ƙasa. Sun fi awa ɗaya da rabi a kai, gumi ya jiƙa mata wuya.

Ya tashi zai tafi ta sake kama shi. Ta ɗauki cokalin shayin, ta ƙwanƙwasa gefen faranti sau biyu, ta dube shi. Bai gane ba. Ta nuna kwanon da ta zana, ta sake ƙwanƙwasawa sau biyu, ta kai yatsu baki.

"Kafin ki zuba abinci? Haka kike kiran ta?"

Ta buga hannun kujera. Sannan ta shiga kokawar cire rigar sanyin da ke kafaɗarta, tsohuwa mai ruwan toka wadda take sawa kullum a gida. Ya taimaka mata, ta cusa masa a hannu, ta juya fuskarta ga taga. Ya ce mata sai gobe, ba ta waiwayo ba.

Da yammar nan ya sa zarto ya raba kejinsa biyu, ya yar da rabin sama a bayan gida. Ya yanka katakai biyar, ya kafa su a kan awon ƙafar Ginette, ya bar wa Gaston su na awa guda ya bi ya gaigaya ya bar warinsa. Lurleen ta yanke hannun rigar sanyin ta shimfiɗa cikin akwatin kwana. Suka sa Fifi a ciki. Ta cusa hanci cikin ulun ta yi shiru, ba ta fito ba.

Litinin da safe, ɗari huɗu da hamsin da biyar. Orval ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye. Ya ce wa Lurleen likita ta ce hamsin, ba ta ce hamsin da biyar ba. Suka ci gaba da ɗura, yanzu ko cizon ma ta daina, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan.

Da magariba ya zauna a kan bokiti gaban kejin, ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa kwanon sau biyu. Gaston ya taho da sauri. Daga cikin akwatin kuwa sai ga kunne ɗaya ya leƙo, sannan gashin baki. Fifi ta fito tana tangaɗi, ta bi bango, ta tsaya, ta ɗaga ƙafar gaba tana laluben iska, ƙafar ta sauka a kan katako na farko, daidai inda ta neme shi. Ta daɗe a haka. Ta wuce ƙarƙashin na biyu har bakin kwano, ta shinshina, ta juya ta koma ba ta ci komai ba.

Orval ya sa fuska cikin tafukansa. Lurleen ta dafa kafaɗarsa.

"Ta dai samu hanya. Bari mu ga safiya."

Da gari ya waye Lurleen ce ta fara sauka. Yana saman matakala ya ji ta tana kiransa da muryar da ya ɗauka ta mutuwa ce, ya sauko yana dafa bango. Ya same ta a durƙushe, ta buɗe masa tafin hannu. 'Yan ƙwayoyin kashi ne guda huɗu, ƙanana, busassu, ba su kai rabin na Gaston ba.

"A bakin akwatinta na tsince su. Dube ni, shekara sittin da biyar, ina murna da kashin ɓera."

Sikeli ya ce ɗari huɗu da hamsin da shida. Giram ɗaya ne, kuma Orval ya san ƙila abincin da ke cikinta ne kawai, amma ya kira Dakta Haverkamp ya gaya mata. Ta ce kada su kuskura su daina ɗura, ba a fita daji ba tukuna. Sai ranar Alhamis Fifi ta zauna a bakin kwano, ta ɗauki silin ciyawa ɗaya da hannuwanta biyu, ta ci rabi ta yar. Sun yi mako uku cur suna bin agogo kafin likita ta ce a rage, sannan a bari.

Ba ta koma yadda take ba. Nauyinta ya tsaya a ɗari biyar da 'yan kai, kuma ba ta ƙara hawa sama da katako na biyu ba. Ginette ta yi watanni ba ta kallon Orval in ya zo, sai dai ta miƙa hannu ya ba ta wayarsa ta ga hoton ranar, ta mayar masa.

A watan Nuwamba, ranar bikin godiya, gidan jinya suka yarda a ɗauke ta na yini ɗaya. Zafi ya wuce, an hauro da kejin falo. Orval ya tura kekenta har gabansa, Lurleen ta ciro Fifi ta ɗora mata a lanƙwasar hannun hagu. Dabbar ta sandare, ta shinshina, sai ta haura ƙirjinta ta shiga gaigayar maɓallin rigarta. Aka yanka talotalo, aka zuba dankali, abincin Ginette ya huce a faranti ba ta ko kalle shi ba. Can ta shafa bayan Fifi da babban yatsa, ta tattaro kalmomi da ƙyar.

"Ta... rame."

"Ta rame, Yaya," in ji Orval.

Ta ɗago ta dube shi tun daga sama har ƙasa, karo na farko tun ranar kofin shayi.

"Kai... ma."

"Gaya masa dai," in ji Lurleen, ta jawo farantinsa ta ƙara masa cinya guda.

Fifi ta mutu a watan Fabrairu, cikin barci, a akwatinta. Wannan karon Orval bai jira an tura shi ba, da safen ya tafi gidan jinya ya gaya wa yayarsa da bakinsa, ya zauna da ita har aka kawo abincin rana. Gaston ya yi kwana biyu yana kewaya kejin yana kira, suka sha jinin jikinsu, amma a rana ta uku ya ci. Yana nan har yanzu, ya shiga shekara ta ashirin, haƙoransa sun fara ba shi wahala, kuma duk ranar Talata ta farkon wata Orval ke kai shi a duba su.